Ga Sabon Zuwa Accra Mai Son Rubuta Manhaja: Fara da Manhajar Hira

Ɗan'uwa, idan ka sauka Nima ko Mamobi ko Sabon Zango da niyyar koyon rubuta manhaja, kada ka jira sai ka samu makaranta. Abubuwa biyu ne za su fi cin maka tuwo a ƙwarya, kuɗin data da ɗaukewar wuta, wadda a nan ake kira dumsor. Saboda su nake ba ka shawarar ka fara da ƙaramar manhajar hira, domin kusan duk aikinta ana yin sa ba tare da intanet ba.

Idan ba ka da laftof, hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Circle, ka shiga layin 'yan waya da kwamfuta da ake kira Tip Toe Lane. Na hannu sun cika wajen. Je da wanda ya san gari, ka sa mai shago ya zare caja a gabanka, ka tsaya ka ga yadda batir ke sauka. Wanda ke riƙe wuta ya fi mini mai ƙyalli. Nemi mai RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, gigabayit 8. Soket ɗin Gana mai baki uku ne irin na Najeriya. Wanda ya taho daga Yamai ko Maraɗi sai ya sayi adafta. Layin MTN ko Telecel ko AT kuwa da katin shaidar ɗan ƙasa na Gana ake masa rajista, kuma NIA, hukumar da ke bayar da shi, na da katin baƙi mazauna ƙasar.

Ranar da ka samu intanet mai ƙarfi, sauke komai gaba ɗaya: Python 3 (harshen da za ka yi rubutun da shi), VS Code (inda za ka rubuta), Git (mai adana tarihin canje-canjen aikinka), da littafin bayanin Python na karantawa ba intanet. A Windows, kada ka manta da latsa akwatin da ke ƙara Python cikin PATH, in ba haka ba kwamfutar za ta ce ba ta san shi ba. Buɗe jakar aiki, ka rubuta python -m venv .venv a tagar umarni, don keɓe wa aikin muhallinsa. Shiryayyun kayan aikin da kake buƙata, socket na haɗa kwamfutoci da threading na gudanar da ayyuka biyu a lokaci guda, tare suke zuwa da Python.

Fayil biyu za ka rubuta. Na farko uwar garke, wato server, mai zama a adireshin 127.0.0.1 (kwamfutarka ita kanta), ƙofa ta 5000, tana jiran masu shigowa, tana rarraba saƙon kowa ga sauran. Na biyu manhajar mai hira, wadda take buƙatar zare biyu, wato ayyuka biyu masu gudana a lokaci guda: ɗaya na sauraron abin da ke shigowa, ɗaya na jiran abin da kake bugawa. Da zare ɗaya, saƙon abokinka ba zai fito ba sai ka danna Enter. Buɗe tagogi uku a kwamfutarka, ka yi hira da kanka.

Nan ne nake so ka natsu. TCP, tsarin da ke kai saƙo tsakanin manhajojin biyu, bai san inda saƙo ya ƙare ba. Kamar ruwan famfo yake, saƙo biyu kan iso a manne, ɗaya kuma kan iso a tsinke. Don haka rufe kowane saƙo da alamar sabon layi, ka riƙa tara abin da ya iso har ka gan ta. Mu masu rubuta Hausa abin ya fi shafar mu: ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne, wato gutsure biyu, a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi. Idan tsinkewar ta faɗo tsakanin biyun kuma ka yi gaggawar mayar da shi rubutu, manhajar za ta faɗi. Gwada da "ƙanƙara" da "ɗanɗano" tun ranar farko.

Daga nan sai ka kira maƙwabci, ku hau wayfai ɗin waya ɗaya, ka mai da adireshin uwar garken 0.0.0.0 don ta karɓi masu shigowa daga wasu kwamfutoci, ka ba ta izini a katangar tsaron Windows. Amma abokinka na unguwar Madina da ke gefen Accra ba zai iske ka ta datar waya ba, domin kamfanonin waya kan haɗa mutane da yawa a adireshi guda. Wannan sai da uwar garke ta haya, ko ka koya wa manhajarka IRC, tsohon tsarin hira a intanet, ta shiga dandalinsa na Libera.Chat, tana mayar da PONG duk lokacin da aka aiko mata PING.

Idan ka kai nan, ɗora aikin a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ka nemi taron Python Ghana ko ka leƙa cibiyar fasahar sadarwa ta Kofi Annan da ke unguwar Ridge, ka buɗe laftof ka nuna musu.