Kurakurai kan yadda sarakunan Ingila suka bi da jiragen baƙin fatake

Kuskuren da na fi cin karo da shi wajen masu rubutu kan tashoshin jiragen ruwan Ingila na ƙarni na 13 zuwa na 15 shi ne ɗauka cewa burin sarki ya kori baƙi don ya kare 'yan ƙasa. Sarki kuɗi yake nema, baƙo kuwa shi ya fi biya. A 1303 Sarki Edward na Ɗaya ya ba fataken waje takardar Carta Mercatoria: su shigo, su fita, su sayar da sari, in shari'a ta haɗa su da ɗan ƙasa rabin masu yanke hukunci su zama baƙi. Su kuma suka amince da ƙarin sule 3 da kwabo 4 a kan kowane buhun ulu, bayan sule 6 da kwabo 8 da kowa ke biya tun 1275. 'Yan kasuwar Landan ne abin ya yi wa zafi. Don haka kafin ka rubuta "Ingila ta ƙi baƙi", tantance wa kake nufi, fada ko 'yan kasuwar gari.

Wasu kuma suna haɗa duk abin da sarki ke karɓa su kira shi kuɗin fito. Dubi ruwan inabi. Jirgin da ya ɗauko ganga 20 ko fiye, jami'in sarki zai hau ya ɗauki ganga biyu, ɗaya daga gaban jirgi, ɗaya daga baya, a farashin da bai kai na kasuwa ba. Wannan kaya ne aka ɗauka, ba haraji ba. Yarjejeniyar 1303 ce ta mai da shi sule 2 a kan kowace ganga ga baƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne a karanta doka a ɗauka haka aka yi ta aiki da ita. A 1381, zamanin Richard na Biyu, an ce 'yan ƙasa su riƙa ɗora kayansu a jiragen Ingila kaɗai. Shekara na zagayowa aka sassauta, saboda jiragen ba su isa ba. Haka ma Magna Carta, takardar 'yanci ta 1215: ta yi wa fatake alkawarin shiga da fita lafiya, amma ta cire lokacin yaƙi, inda ake tsare fataken ƙasar abokan gaba har a ji yadda aka bi da na Ingila a can. In an tashi kai runduna Faransa kuwa, jirgin da aka tarar a tasha ana iya tsare shi don aikin sarki, ko na baƙo ne.

Gyaran shi ne ka sauka bakin ruwa. A wancan zamani, a tashoshin Ingila irin su Boston ko Hull, ana ɗora buhun ulu a kan sikelin sarki, a rubuta nauyi da sunan mai kaya da na jirgi, a biya, sannan a buga hatimi a takardar fita. Hatimin nan rabi biyu ne, kowane rabi a hannun mutum daban, don kada ɗaya ya sallami jirgi shi kaɗai. Littattafan waɗannan ma'aikatan kwastan su ke nuna jirgin wa ya fita, da me, kuma nawa ya biya.