Yadda na gane malam-buɗe-littafin dare mai haifar da tsutsar masara

Masu taruwa a fitilar gonata a Daura kamanninsu ba ɗaya ba ne: wasu fiffikensu da zane da farin tabo a ƙarshe, wasu kuwa toka-toka kawai. Launi bai raba mini gardama ba.

Sai na ɗebo tsutsotsi daga zuciyar masara, masu alamar Y a kife a ka da baƙaƙen ɗigo 4 kusa da wutsiya. Na sa kowacce a kwalbarta da ƙasa da ganye, domin suna cin juna. Da suka rikiɗe, duka kamannin biyu suka fito. Mai zanen namiji ne, marar zanen mace, amma fiffiken ƙasa na dukkansu fari ne mai duhun gefe. Ashe tsutsar da masana kimiyya ke kira Spodoptera frugiperda ce, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2016.