Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa tirelar keke, da yadda ake gyara su

Yawancin masu haɗa tirelar keke da hannunsu, wato akwatin kaya mai tayoyi da keke ke ja a baya, akwatin suke kashe wa lokaci. A auna katako, a goge, a shafa fenti, sai a ƙarshe a laluɓo wani guntun ƙarfe a maƙala ta a jikin keken. Alhali wannan guntun ƙarfen shi ne kan aikin.

Keke ba ya tafiya a sandare. Yana karkata idan zai sha kwana, yana hawa da sauka a gargada, yana juyawa hagu da dama. Ita kuwa tirela mai taya biyu ba ta karkata. Dole ne mahaɗin ya ba da duk motsin nan uku. A tirelar da na fara haɗawa, noti guda na zura a tsaye, wanda hagu da dama kaɗai yake bayarwa. Kwanar farko da na sha da kaya, keken ya ƙi kwantawa, na ji wani ƙas a bayana, da na duba ƙarfen ya lanƙwashe kamar cokali. Maganin ba wuya: a sa guntun tiyo mai kauri, irin mai zare a ciki, ko sifirin mai ƙarfi, ko mahaɗin nan mai ƙwallo a tsakiya. A ƙara da igiya ko ɗamara da za ta zagaye ƙarfen keken, don ko mahaɗin ya tsinke tirelar ba za ta kama gabanta a titi ba.

Wurin da aka ɗaura shi ma abin dubawa ne. Idan a sandar sirdi ne, can sama, duk taka birki sai kayan su tura mahayin. Ya fi kwanciyar hankali a ɗaura a ƙasa, kusa da notin tayar baya, ta hagu, inda babu sarƙa. Amma sai an lanƙwasa hannun tirelar, wato ƙarfen da ya taso daga akwatin zuwa mahaɗin, ya yi gwiwa, in ba haka ba tayar baya za ta riƙa gogar sa duk lokacin da aka yi kwanar dama.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne kafa tayoyi a gaba da yawa. Da zarar nauyi ya rinjayi baya, hannun tirelar zai riƙa ɗaga tayar keken ta baya, kuma a gangara ko wurin birki ne mutum zai gane, lokacin da taya ta daina kama ƙasa. A ja tayoyin su koma baya kaɗan da tsakiyar akwatin. Bayan an yi lodi, a cire mahaɗin a riƙe shi a tafin hannu. Ya kamata a ji yana danno hannun da ɗan nauyi, kilo kaɗan. In yana neman tashi sama, a matso da kaya gaba. In ya gagari hannu ɗaya, a ja su baya. Mai nauyi kullum a ƙasa, saitin tayoyi.

Mutane kan ɗauko manyan tayoyin tsohon keke don su ne a kusa. Masu inci 16 ko 20 sun fi: suna sauke akwatin ƙasa, ba ya saurin kifewa, kuma sun fi jure turi daga gefe. Sannan ƙarfen tsakiyar tayar keke siriri ne, milimita 9 zuwa 10, an yi shi ne a riƙe shi ta gefe biyu. In aka kafa shi ta gefe ɗaya, lanƙwashewa zai yi. A yi masa mazauni ciki da waje. Kafin a ɗaure noti, a auna tazarar da ke tsakanin tayoyin biyu, ta wajen gabansu da kuma ta wajen bayansu. In ba su zo daidai ba, tirelar za ta riƙa cin taya tana cin ƙarfin mai tuƙi.

A auna faɗin ƙofar da za ta riƙa shiga kafin a yanka ƙarfe. In kuma ƙarfen bututu ne mai rufin zinki, a kankare wurin waldar, a yi aikin a sarari, domin hayaƙinsa na sa zazzaɓi.

Saura birki. Tirelar ba ta da nata, na keken ne zai tsayar da komai, shi ya sa yawancin na kamfani ba a yarda su wuce kilo 30 zuwa 45 ba. A gyara birki gaba da baya, a manna abin ƙyalli da jar fitila a bayan akwatin, a kafa tuta mai tsawo, don direban mota ba ya hango abin da ke ƙasa-ƙasa. Gwajin farko a yi shi a fili, da rabin lodi, a sha kwana ta kowane gefe, a taka birki da ƙarfi, sannan a sauka a bi notuka ɗaya bayan ɗaya.