Yadda za ka ɗora injin ƙaramin jirgin sama na rimot a motar rimot

Abin yana yiwuwa amma fa zafi ne babbar matsalar, don a jirgi farfela ce ke fifita injin, a mota kuwa babu wannan iskar, dole ka canza masa kai (murfin saman injin da ke fitar da zafi) mai faɗi ko ka ɗaura ƙaramar fanka in ba haka ba nan da nan ya ƙone. Cire farfelar ka sa filawil da kuloci, galibi sai masu yankan ƙarfe sun yi maka adafta tukunna su zauna. Juyinsa bai kai na injin motar rimot mai haura juyi 30,000 a minti ba, sai ka ƙara girman giyar kuloci. Ka sa masa filtar iska saboda ƙura na cinye fistin, mai kuma galibi na sinadaran methanol da nitro (nitromethane) ne, in irin wannan injin ne kar ka zuba fetur.