Kafin ki sayi fom ɗin makarantar nas

Duk shekara sai wata ta zo min tana kuka da takardar da ba za ta yi mata komai ba, na gaji wallahi, bari in faɗa ko mutum ɗaya zai ji.

Kuskuren da ya fi kowanne, wanda ni ya cinye min shekara 2 cur, shi ne shiga makaranta ba ki bincika ko hukumar rajistar nas-nas ta san da zamanta ba. Ni farin yunifom ne ya ruɗe ni, da ƙaton allo a bakin get, ga wani mutum-mutumin roba kwance a gado muna koyon allura a ɗuwawunsa, na ce shi ke nan na zama nas. Muna shekara ta biyu muka fara tambayar lambar rajistarmu ta ɗalibai, yau a ce gobe, gobe a ce oga ya tafi karɓowa, ashe sunan makarantar ma babu shi a jerin hukumar kwata-kwata. Babu lambar nan ba ki zama jarrabawar lasisi, babu lasisi kuwa ke ba nas ba ce ko da ido rufe kike samun jijiya. Haka na koma aji ɗaya a wani wuri, sa'annin ƙannena suka zama na gaba da ni. Tun daga nan ban yarda da bakin kowa ba, har shugaban makaranta, shafin hukumar nake buɗewa da kaina in ga sunan da idona. A Najeriya NMCN ce, a Birtaniya NMC, a Amurka kowace jiha da tata.

Sai masu gaggawa. Haba jama'a! A ce miki zo wata 6 a asibitin wani ki fito nas, kuma ki yarda? Wannan 'yar taimako za ki fito, ba RN ba, wato nas mai rajista da lasisi. Karatun CHEW ma, wato na ma'aikatan lafiyar al'umma, aiki ne mai mutunci amma layinsa daban, hukumarsa daban, kar a ce miki duk ɗaya ne.

Batun digiri ko gajeren layi kuma, ki duba aljihunki da inda kike son kaiwa. A Najeriya digirin nas, wato BNSc, shekara 5 ne, tsohon tsarin makarantar nas shekara 3. A Amurka akwai na shekara 2 da na 4, duka jarrabawar lasisi ta NCLEX-RN suke zanawa. Ni ta gajeren na bi saboda ina bukatar albashi da wuri, amma komawa digiri ga aikin dare ga goyo, hmm, sai wanda ya gwada. Mai son koyarwa ko mastas ta tafi jami'a tun farko, ra'ayina ke nan.

Kiredit 5 ɗin nan na jarrabawar gama sakandare da ake nema a Najeriya, Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, ki haɗa su kafin ki kashe kuɗin fom. Ki tambayi a wane asibiti ake firaktikal, kuma 'yan ajin ƙarshe za ki tambaya ba mai sayar da fom ba. Wanda ya ce kawo kuɗi in samo miki admishan kuwa, ki goge lambarsa.