Yadda Ake Yin Alkaki a Zafin Garwa

A gidajen Hausawan Garwa da Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru, da wuya a kai garar amarya ko a yi hidimar Sallah babu alkaki, kuma shi ne uwargida ke fiddowa daga kwalla idan baƙo ya zauna shan shayin la'asar. Mata da yawa suna tsoron yin sa saboda yakan tarwatse a cikin mai, alhali laifin yawanci ba na suya ba ne, na kwaɓi ne tun daren jiya.

Za a tanadi alkama gwangwani 4, da nono mai tsami kofi 1 ko yis ƙaramin cokali 1, da mai, da kanwa ungurnu kaɗan, da sukari gwangwani 3, da lemon tsami 2. A tsince alkamar, a wanke, a shanya ta bushe sarai, sannan a kai inji a ce a ɓarza, kada a niƙa ta lilis. Ana son ta fito kamar tsaki mai laushi, domin wannan ɓarzar ce ke ba alkaki garɗinsa. Wanda aka yi da fulawa zalla, a ganina, ɗan'uwan dubulan ne kawai da ya ari suna.

Da daddare a zuba ɓarzajjiyar alkamar a roba, a sa mai ludayi 1, a murza da tafin hannu har sai kowace ƙwaya ta sha. Daga nan a zuba nonon, a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, a kwaɓa da tauri yadda idan aka dunƙula ba zai manne a hannu ba, sannan a rufe. A nan ne ya kamata mai yi ta lura da garin da take. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan wuce digiri 40, kuma kwaɓin da aka bari ya kwana cur a ɗaki mai rufin kwano zai wayi gari da tsamin da ya wuce kima, ya saki jiki, ya ƙi naɗuwa. A irin wannan lokaci gara a kwaɓa da asuba a duba da azahar. A Ngaundere kuwa, inda tudu ya sa iska ke da sanyi, kwana ɗaya bai yi yawa ba. Alamar ya yi ita ce ya ɗan kumbura, saman ya tsattsage, ƙamshin tsami ya bugi hanci ba tare da ɗoyi ba.

A jiƙa kanwa, a tace, a riƙa ɗiga ruwanta ana murzawa har tsamin ya ragu, amma a yi hattara, domin idan ta yi yawa alkakin yakan yi duhu da ɗaci. Wasu sukan kirɓa shi a turmi don ya yi danƙo, kuma wahalar tana biya. A gutsiro kamar girman ƙwai, a mulmula a kan faranti ya yi tsawo, a harɗe shi kamar lamba 8, a matse bakin.

Wajen suya, man gyaɗa ya fi ƙamshi, sai dai man auduga na Diamaor da kamfanin Sodecoton ke tacewa shi ma yana yi. A fara jefa guda ɗaya a gwada; idan ya watse, a ƙara fulawa kaɗan a sake murzawa. Wuta ta zama matsakaiciya, a bar shi ya soyu a hankali har ciki ya bushe, bayansa ya yi ja.

Tun kafin suya ake dafa sukari da ruwa kofi 2, a matse lemon tsami a ciki don kada ya daskare. Idan aka ɗiga a tsakanin yatsu biyu ya ja zare, ya isa. Ana tsame alkaki daga mai sai a tsoma shi da zafinsa, a juya, a bar shi ya sha, a kwashe a matsami. Mai son zumar Adamawa, wadda ake kawowa daga Ngaundere, a maimakon sukari, ta ɗumama ta kawai, kada ta tafasa. Sai ya huce gaba ɗaya za a jera shi a kwalla, a ɗora kwallar a cikin faranti mai ruwa saboda kiyashi.