Yadda nake duba hoton gem kafin a ɗora shi a Play Store ko Steam

Sana'ata zane a kwamfuta: katin biki, allon shago, kalandar makaranta, wani lokaci fostar fim. 'Yan shekarun nan kuma samarin da ke koyon haɗa gem sukan kawo mini ɗan hoton da zai tsaya wa gem ɗinsu a Play Store ko Steam (shagon intanet na gem ɗin kwamfuta), su ce, "Oga, duba mana, ya yi?" A laftof suke buɗe shi, ya cika fuska taf, kuma a haka da wuya ka ga wanda bai yi kyau ba. Ni kuwa sai in ce a rufe laftof ɗin tukuna, domin ban da mai shi ba wanda zai taɓa ganin hoton nan da wannan girman.

Google na karɓar hoton a fiksel 512 tsawo, 512 faɗi, Apple kuma 1024. Amma a jerin gem-gem na cikin waya, abin da ido zai gani bai fi farcen babban yatsa ba. A Steam ma haka: ƙaramin hoton da kake ba su 462 ne a 174, su kuma sukan matse shi har zuwa 120 a 45. To a wannan ƙanƙantar za ka yi masa hukunci.

Ka buɗe Play Store a wayarka, ka shiga sashen da gem ɗinka zai faɗa, ka ɗauki sikirinshot. Ka kai shi kwamfuta, ka cire hoto ɗaya daga tsakiyar jerin, ka dasa naka a gurbinsa daidai girman sauran, sannan ka mayar da shi waya. Ba wayarka mai tsada ba. Nemi itel ko tsohuwar Tecno irin wadda ake sayarwa ta hannu a Farm Centre, wadda gilashin kariyarta ya sha karce. Ka rage hasken fuskar, tunda mutanenmu haka suke yi don caji ya kai su dare, ka fita waje bayan azahar ka duba. Shuɗi mai duhu da baƙi za su haɗe su zama abu ɗaya. Siraran layukan da ka kwana kana gyarawa za su ɓace. Abin da ya rage, shi ne hotonka na gaskiya.

Daga nan sai ka nemi idon wani. A nan ne mutane suka fi yin ɓarna, saboda tambayar da suke yi. Idan ka miƙa wa Bakano hoto ka ce "ya yi kyau?", kara ba za ta bar shi ya ce a'a ba. Zai ce "Masha Allah, kai, ka iya," kai kuma ka tafi da murna ba ka ƙaru da komai ba. Ni gidan gem na unguwarmu nake zuwa, wurin yaran da ke jiran layin PES (sunan ya koma eFootball tun 2021, amma har yau ba wanda ya daina cewa PES). In nuna wa yaro wayar na daƙiƙa biyu, in kife ta, in ce, "Ƙanina, wanne ka fara gani a ciki?" Idan ya ambaci nawa, in ce, "Wane irin gem ne?" Ba na gaya masa ni na zana, ba na kuma taimaka masa da amsa. Idan gem ɗin tsere ne ya ce faɗa, ko ya ce "kamar wani mutum ne a tsaye," hoton ya faɗi, komai kyansa. Gwada mutum biyar ko shida, ka sa da mace a ciki da wanda ya manyanta.

Yawancin hotunan da ke faɗuwa a wannan gwajin cutarsu ɗaya: cunkoso. Mun taso da fostar fim, inda dole kowane jarumi ya fito, fuska bakwai a jere, ga mota, ga gida, ga wata tana kuka a gefe. A bangon shago wannan yana aiki, domin mai wucewa na iya tsayawa ya ƙare masa kallo. A waya yatsa ne ke gudu. Abu ɗaya za ka zaɓa, ka ba shi filin duka. Wani yaro ya kawo mini na gem ɗin dambe: 'yan dambe biyu, makaɗi, alƙalin wasa, 'yan kallo, har da tuta. Muka share komai muka bar hannun nan ɗaya da aka naɗe da zare, ya taso kamar zai fito daga cikin waya. Duk wanda ya san dambe ya gane nan take, wanda bai sani ba ma ya san dai naushi ne. Idan dara ce, ramuka da 'yan tsinkaye sun isa. Idan tseren A Daidaita Sahu ne, kawo ruwan ɗorawar nan ta gaba, ɗan karkace kamar tana shan kwana, kar ka zana titin Zoo Road gaba ɗaya.

Akwai kuma fuskar nan ta jarumi ya wage baki yana ihu. Clash of Clans, wanda ya fito a 2012, ya shahara da ita, daga baya masu gem ɗin yaƙi suka yi ta kwaikwayo har ba ka bambance wani da wani. Fuska tana jan ido, ba musu. Amma idan sikirinshot ɗin da ka ɗauka ya nuna maƙwabtanka huɗu duk ihu suke yi, kai ka rufe naka bakin.

Gwaji na gaba minti ɗaya ne: cire launin gaba ɗaya, hoton ya koma fari da baƙi. Idan jarumin ya nutse cikin abin da ke bayansa, launi ne kawai yake riƙe da shi, kuma rana za ta cinye launin. Wannan ya fi damun mu da muke zana baƙar fata. Ɗan dambe mai duhun jiki, a kan ƙasa ja, bayansa ƙurar hunturu, duk nauyinsu ɗaya ne a ido. Ko dai ka haska bayan sosai, ko ka duhunta shi kamar shunin Ƙofar Mata sannan ka zagaye kafaɗa da hannu da siririn haske. Kar ka yi wa fatar bilicin don ta fito, bayan za ka gyara. Ja a kan kore kuma ka guje shi, akwai masu larurar ido da ba sa rabe su. Ka kuma gwada hoton a kan fari da kan baƙi, domin wasu wayarsu a yanayin duhu take, shafin Steam kuwa dama mai duhu ne.

Maganar rubutu ta rabu biyu. A Play Store ba ka buƙatar suna a cikin ɗan hoton, domin shagon zai rubuta shi a gefe, kuma haruffa 30 ya ba ka. A Steam kuwa sunan dole ya fito a jikin hoton, ya kuma karantu ko a mafi ƙanƙantarsa, don haka a can tambarin sunan ne zai ci yawancin filin. Tun watan Satumba na 2022 kamfanin Valve, mai Steam, ya hana sa makin yabo, tambarin kyaututtuka da tallan rangwame a waɗannan hotunan. Google ma ya hana rubuta cewa gem kyauta ne ko shi ne na ɗaya. In sunan na Hausa ne, duba ƙ da ɗ da ɓ tun kafin ka ƙaunaci wani salon haruffa. Da yawa daga masu ƙawar nan ba su da su, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salon, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri, ko ya zama ɗan akwati.

Gefuna ba sa buƙatar dogon bayani. Ka ba Google hoto mai kusurwa huɗu cikakke, shi zai lanƙwasa kusurwoyin ya sa inuwa, in ka yi naka sai su zama biyu. Kar ka ajiye abu mai muhimmanci a kusurwa. Kowane girma kuma a sake tsara shi: babban hoton Play Store 1024 ne a 500, na saman shafin Steam 920 a 430, na tsaye 600 a 900. Miƙar da hoto ɗaya ya cike duka shi ke sa ka ga kan jarumi ya baje.

Sai abin da nake yawan samun saɓani da samari a kansa. Yanzu kowa na iya sa AI ta zana masa jarumi mai sulke da walƙiya, alhali cikin gem ɗin 'yan akwatuna ne ke tsalle. Ka ajiye hoton kusa da sikirinshot na ainihin wasan, ka tambayi kanka ko 'yan gida ɗaya ne. Wanda ya ƙona datarsa ya sauke gem ya tarar da wani abu daban, gogewa zai yi, ya bar maka tauraro ɗaya da baƙar magana. A Steam ma kuɗinsa zai karɓa, tunda suna mayarwa in bai wuce kwana 14 da saye ba kuma bai buga awa 2 ba. In gem ɗinka mai sauƙin zane ne, yi hoton da irin zanensa, ka tsabtace shi kawai. In kuma ka yi amfani da AI, ƙirga yatsun jarumin, sannan ka sani tun 2024 Steam na tambayar masu ɗora gem su bayyana hakan.

Idan hotuna biyu suka tsallake duk wannan ka rasa na zaɓa, Play Console, shafin Google na masu ɗora gem a Play Store, na da wurin gwaji, inda ake nuna wa wasu masu ziyara wannan, wasu wancan, a ƙirga wanda aka fi saukewa. Abu ɗaya za ka canza tsakaninsu, ko launin baya ko fuska, in ba haka ba ba za ka san abin da ya yi aiki ba. Ka bar shi aƙalla mako guda, don ƙarshen mako ya shiga lissafi. Sai dai sabon gem da mutum goma ke leƙawa a rana ba zai ba da alƙaluman da za a dogara da su ba. In kana wannan matakin, tura hotunan biyu a waya ɗaya ka kai wani gidan gem ɗin da ba a san ka ba.